Ranar da Liman Ya Buɗe Mana Jaridar Ingila

Na manta sunayen rabin ɗaliban da na koyar, na manta ranar da aka ba ni takardar ɗaukar aiki, amma ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar a Ajingi, ranar da na durƙusa gaban limamin Juma'a na miƙa masa jaridar Ingila da hannu bibbiyu, na ce ya sa mana albarka. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da kuwa ni kaɗai ne a kan babur.

Ni mutumin Kademi ne ta ƙasar Gaya, aiki ne ya kai ni Ajingi ina koyar da darasin Gwamnati a wata sakandare da mutanen yankin suka gina da guminsu. Tunda su suka gina, su ke da wuƙa da nama. Ko allo za a sake wa fenti sai kwamitin iyaye ya zauna. Shugaban kwamitin kuwa Liman ne, wani dattijo daga Toranke mai farin gemu da ƙaramar murya, irin mutanen nan da ba sa ɗaga harshe amma in suka ce a'a to an gama.

A lokacin ina fama da wata cuta, cutar son Ingila. Ban taɓa wuce Kaduna ba (ita ma ɗaurin aure ya kai ni, a ranar na dawo), amma in ka ji ina bayanin majalisar Landan sai ka rantse a can aka yanke mini cibiya. Rediyo ba ta rabuwa da kunnena. Kowace magana aka ɗauko a ofishin malamai, ko da ta takin zamani ce, sai in gyara zama in ce, "Ai a Ingila ba haka ake yi ba." Abokan aiki suka laƙaba mini Malam Landan. Su tsiya suke nufi, ni kuwa na karɓa baki har kunne kamar an yi mini naɗin sarauta.

'Yan aji biyar ne suka zo mini da maganar jaridar bango. Abu ne mai sauƙi: kwali biyu ko uku, su rubuta labaran makaranta da na gari da hannunsu, a manna a allon sanarwa duk ranar Litinin. Yaran nan sun ƙwallafa rai ƙwarai. Har sun raba muƙamai a tsakaninsu, akwai edita, akwai mai labarin ƙwallo, akwai wata yarinya da ta ce ita kasuwar mako za ta riƙa zagawa tana rubuto yadda gyaɗa da dawa suka kwana. Ni kuma ban tambayi kowa ba na bugi ƙirji na ce su ɗauka an yi an gama.

Ashe an taɓa kai maganar gaban kwamiti tun kafin zuwana, Liman ya kashe ta da jumla ɗaya. Cewa ya yi jarida abu biyu take kawowa gari, siyasa da rashin kunya, su kuma ba don ko ɗaya daga ciki suka gina makaranta ba. Firinsifal ne ya gaya mini haka a ofishinsa. Na yi ta magiya har ya gaji, ya ce, "Shi ke nan, Malam. Ranar taron ƙarshen zango zan ba ka minti goma sha biyar. In suka yarda, madalla. In suka ƙi, kada in ƙara jin kalmar jarida a makarantar nan muddin ina kan wannan kujera."

Na fito ina jin daɗi kamar an riga an yarda. Minti goma sha biyar? Ai ni a ganina biyar ma sun yi mini yawa.

Ana cikin haka sai ga Nafi'u ya zo hutu. Nafi'u ɗan kawuna ne, taubashina ke nan, yana aikin kula da tsofaffi a wani gari can Ingila. Tun kafin ya taso kowa a dangi ya faɗi tsarabar da yake so, masu turare, masu agogo, masu takalmi. Ni na ce jaridu. Ya yi ta dariya a waya har da tari, ya ce, "Ɗan mace, kai dai Allah bai yi ka da rabon abin duniya ba."

Ya kuwa cika alkawari. A zauren gidan kawu ya baje mini su a kan tabarma, guda uku. Ta farko ƙatuwa, in ka buɗe ta sai ka ware hannuwa kamar mai shanya zane. Ta biyu siririya, ta ɗan yamutse. Ta uku kuwa gajera ce mai kauri, a cikin ledarta, sunanta a rubuce da fari a kan ja, sai ƙyalli take yi.

"Wannan babbar ta manya ce," in ji Nafi'u. "Lauyoyi, malaman jami'a, masu ɗaure wuya. Wannan siririyar kyauta ake ɗauka a tashar jirgin ƙasa, mutum ya karanta ya bar ta a kan kujera. Wannan kuwa," ya ɗaga mai jan kan, "ta ranar Lahadi ce, da mujallarta a ciki, ko ledar ban yage ba. Irinta aka fi saye a ƙasar. Direba, makanike, mai gadi, duk ita za ka gani a hannunsu."

Yana faɗa yana wani ɗan murmushi. Na san Nafi'u tun muna yawo ba wando, na san wannan murmushin, shi ya yi ranar da ya zuba mini barkono a fura muna yara. Amma zumuɗi ya rufe mini ido, abin da kawai ya shiga kunnena shi ne irinta aka fi saye.

Na kwaso su na dawo gida ina ji kamar na ɗauko Landan ɗin gaba ɗaya a bayan babur. Bayan la'asar na shimfiɗa babbar zan karanta. Jama'a, ashe Turanci iri-iri ne. Shafin farko kaɗai sau tara na buɗe ƙamus, labarin haraji ne da wani abu game da kuɗin ruwa na bankuna, kafin in kai ƙarshen layi na manta farkonsa. Na ninke ta na ce wannan ta yi wa mutanenmu nauyi (ban ce ta yi mini nauyi ba, kun ji adalcina). Siririyar kuwa kafin in waiwaya matata ta shimfiɗa ta a kanta ta jera kofuna a kai.

Saura mai jan kai. Ta cikin ledar ina hango shafin gaba: hoton wani minista ya wage baki yana cin wani abu a wajen biki, an zaɓi hoton da ya fi kowanne muni, an rubuta masa baƙar magana da haruffa manya-manya kamar na jikin tirela. Wannan Turancin kam na gane shi tsaf, ba ƙamus. Na yi tsalle na ce shi ke nan, hujja ta samu! Ga jaridar talakawa tana ci wa minista mutunci ba tsoro ba fargaba. Wa zai ga wannan ya ce jarida ba ta da amfani?

A nan dabarar da ta kashe ni ta zo mini. Kun san al'adarmu, sabon abu ba a buɗe shi haka kawai. Sabon shago, sabon masallaci, sabuwar mota, babba ake nema ya fara sa hannu don albarka. Na ce a raina, me ya fi in bar ta a ledarta fil, ranar taro in miƙa wa Liman da kansa ya buɗe? Mutumin da ya buɗe abu da bisimilla a gaban jama'a ai ba ya juyowa ya ce abin haramun ne. Na yaba wa kaina ƙwarai da wannan hikima. Na saka ta a akwatin da nake ajiye takardun shaidar karatuna, na kulle, na hana kowa taɓawa.

Mutum ɗaya ce ta so ta cece ni, Malama Binta mai koyar da Turanci, mace mai natsuwa da ƙarancin magana. Ana jibi taro na nuna mata jaridar a ofishin malamai, ina riƙe da ita ta gefe-gefe don kada ledar ta yi datti.

Ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Malam, ka karanta cikinta kuwa?"

Na ce, "Haba Malama, ana buɗe abin ƙaddamarwa kafin ranar ƙaddamarwa?"

Ta ce, "Ni dai a jami'a an taɓa yi mana bayanin waɗannan masu jan kan. Gara ka ɗan leƙa, ko shafi biyu ne, domin yawanci..."

Na katse ta. Na ce, "Malama, da girmanki, wannan fannina ne. Ke ki ji da nahawu." Har da ɗaga mata hannu. Ta ci gaba da duba littattafan yara. Ni kuwa na fita ina cewa a raina hassada ce kawai, ta ga za a yaba mini. Allah ya yafe mini.

Ranar Asabar tun da hantsi na ci kwalliya. Shaddata ta Sallah, hula an kafa ta gaban goshi, turare kamar na yi ɓari. Daga Kademi zuwa Ajingi ina tafe ina maimaita jawabi da ƙarfi, masu tafiya gona suna ɗaga mini hannu suna zaton gaishe su nake yi. Jaridar tana cikin jaka a ƙirjina, kowane rami na faɗa sai na shafa in ji tana nan.

An cire katakon da ya raba aji biyu aka mai da su zaure ɗaya. Iyaye maza a gaba kan benci, mata a baya ta gefe guda, ɗalibai sun yi cincirindo a tagogi, 'yan aji biyar ɗina suna ta ɗaga mini babban yatsa. A babban tebur ga Firinsifal, ga Liman a tsakiya da carbinsa, ga kuma wani tsoho ɗan kwamiti da ake kira Alhaji Garba, tsohon malamin gona da ya yi ritaya, yana ta gyangyaɗi. Na kalle shi na ce wannan ko an tashi taro bai sani ba. Ban taɓa tambayar inda ya yi karatu ba.

Aka gama maganar rijiya da ta jarrabawa, Firinsifal ya kira ni.

Wallahi na yi jawabi. Ko yanzu da nake ba ku labarin kunyata ba zan rage wa kaina wannan ba. Murya ta fita, hannu ya yi aiki. Na ce jarida ita ce idon talaka. Na ce ku dubi Ingila, ƙasar da ta ci gaba, a can jarida ba ta da ubangida, ba ta da jam'iyya, ba wani mai kuɗi da ya isa ya ce mata rubuta kaza ko bar kaza. Na ce 'yan jaridarsu ba ruwansu da wanda ya ci zaɓe da wanda ya faɗi, gaskiya kawai suke bi. Ina na samo wannan? Ni ma ban sani ba, daɗin baki ne ya ɗebe ni, kowace jumla tana jawo 'yar uwarta. Na ga kawuna suna gyaɗawa, wani daga baya ya ce, "Ikon Allah!" Sai kaina ya ƙara fashewa.

Sannan na zaro ta daga jaka na ɗaga sama. Na ce, "Ga shaida! Wannan da kuke gani minista ne guda, dubi yadda suka yi masa. Kuma wannan ita ce jaridar da ta fi kowacce tarbiyyantar da jama'a a can, kowane gida akwai ta. Irinta muke so yaranku su koya."

Zauren ya ɗau guna-guni na sha'awa. Yara a taga har da tafi. Na ji a jikina an gama, na ci. Na taka a hankali zuwa babban tebur, na durƙusa, na ce, "Allah ya gafarta Malam, daga Ingila ta zo, ba hannun da ya taɓa buɗe ta. Mun ga bai kamata kowa ya riga ka ba. A buɗe mana, a sa mana albarka." Don in ƙara wa miyar gishiri sai na ce, "In an buɗe a ɗan ɗaga ta sama, Malam, don na baya su gani."

Liman ya ji daɗin girmamawar, na gani a fuskarsa. Ya ajiye carbi, ya goge hannu a rigarsa, ya yi bisimilla a bayyane, ya yage ledar a natse. Mujallar ciki ta zame ta faɗa kan tebur. Ya miƙe tsaye, ya juya fuskar jaridar ga jama'a kamar yadda na roƙa, ya kama gefen shafin farko ya buɗe ta warwar, ya ɗaga sama da hannu biyu. Shi bayanta yake kallo. Mu ne muke kallon cikinta.

Shafi guda cur, hoton wata baturiya ce a bakin teku. Abin da ke jikinta duka-duka in an haɗa bai kai hankici ba. Ta yi wata irin tsayuwa, tana murmushi, tana kallon iyayen yaran Ajingi ido cikin ido.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Kamar daƙiƙa uku ba wanda ya yi numfashi, Liman kuwa yana tsaye yana murmushi, har yana ɗan juya ta dama da hagu don kowa ya samu rabonsa. Sai wata tsohuwa daga baya ta rafka salati. Mata suka ja mayafi suka rufe fuska. Wani dattijo a bencin gaba ya sunkuyar da kai yana a'uziyya, na kusa da shi kuwa (ba zan faɗi sunansa ba, yana da rai) sai da ya gyara zaman tabaransa tukuna ya sunkuyar. Yaran taga suka ɓace ɗif, sai ƙarar dariyarsu muke ji tana nisa a bayan aji.

Liman ya ga fuskoki sun sauya. A hankali ya juyo da jaridar ya duba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Da ƙaramar muryar nan tasa ya faɗa, amma na ji ta har cikin ƙashina. Na zabura zan karɓe, na taka bakin rigata, na tafi taga-taga na dafe tebur, ruwan da ke kai ya kife a kan takardun Firinsifal. Mujallar da ke kan teburin ta faɗo ƙasa ta buɗe da kanta, ita ma ba ta zo da alheri ba. Na sa ƙafa na take ta, na karɓe jaridar daga hannun Liman. Ga ni tsaye, ƙafa ɗaya a kan mujalla, hannu ɗaya da jarida a cukuikuye a bayana, gumi ya jiƙa shaddar Sallah sharkaf. Na so ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Liman ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ce tarbiyyar?"

Da na yi shiru da ya fi. Amma bakin da ya saba zuba ba ya tsayawa lokaci ɗaya. Na ji kaina ina cewa, "Allah ya gafarta Malam, ai... can ɗin zafi ake yi sosai."

"A Ingila?"

Alhaji Garba ne. Ashe ba barci yake ba, ko kuma salatin ne ya tashe shi. Ya buɗe ido tar yana kallona. "A Ingila ake zafi, ɗana? Shekara biyu na yi a can ina kwas ɗin aikin gona, da riga uku nake kwana."

Dariyar da mutane suke dannewa ta ƙwace. Har Firinsifal sai da ya juya baya kafaɗunsa suna rawa.

Alhaji Garba ya miƙo hannu na ba shi jaridar, ya ninke ta yadda shafin gaba kaɗai ke waje. Ya ce, "Liman, a yi masa afuwa, rashin sani ne. Jaridunsu kashi-kashi ne. Akwai manya masu dogon bayani, akwai na tsaka-tsaki, akwai na ƙananan garuruwa da ba ruwansu da komai sai labarin unguwa. Waɗannan masu jan kai kuwa abincinsu tsegumi ne, da ƙwallo, da irin abin da idonmu ya gani. Ko a can mutumin kirki yana sayenta ne yana cewa don labarin ƙwallo ya saya."

Ya juyo gare ni. "Sai maganar da ka yi cewa ba su da ubangida. Wa ya gaya maka?"

Na ce, "Baba Alhaji, a... a rediyo nake ji."

"Rediyo da talabijin daban, su doka ta ce su ba kowane ɓangare dama. Jarida kuwa ba a ɗora mata wannan ba. Yawancinsu attajirai ƙalilan ne suka mallake su, mutum ɗaya sai ya riƙe biyu ko uku, babba da ƙarama. Akwai wadda kwamitin amintattu ke riƙe da ita, ita ma kowa ya san inda ta karkata. In zaɓe ya zo, ƙiri-ƙiri suke bugawa a shafin gaba cewa ga jam'iyyar da za ku zaɓa. 'Yan siyasa har zuwa suke yi su gaida masu jaridun, don a rufa musu asiri." Ya buga yatsa a kan hoton ministan. "Wannan da ka ce jarumta ce, ka fara tambaya tukuna, ɗan wace jam'iyya ne, mai jaridar kuma wa yake so. In nasu ne ya yi abin kunya, sai ka wahala kafin ka samo labarin a can ciki."

Kowace kalma tasa kamar ana zare mini tufa ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai ma ba dariyar ba ce. Yaran sun lallaɓo sun dawo taga, na ga fuskokinsu, sun daina dariya. Sun gane abin da ni ma na gane: siyasa da rashin kunya Liman ya ce jarida ke kawowa, ni kuma na ɗauko duka biyun daga Ingila na damƙa masa a hannu. Na kashe musu jarida da kaina.

Liman ya ɗauki carbinsa, alamar zai yanke hukunci. Sai Malama Binta ta miƙe daga cikin mata ta nemi izini. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, kafin a rufe maganar, ga abin da yaran suka rubuta da hannunsu. Su ba su taɓa ganin ta Ingila ba sai yau." Ta miƙa kwali biyu aka kai gaba. Ashe tun ranar da na ɗaga mata hannu ta tara yaran ta ce su yi gwaji.

Wannan karon Liman fuskarsa ya juya wa kwalin, ya karanta shi kaɗai tun daga sama har ƙasa. Labarin famfon makaranta ne da ya lalace, da sunayen waɗanda suka sauke Alƙur'ani a zangon, da yadda gyaɗa ta yi a kasuwar da ta wuce, da wasan ƙwallon da aka ci mu uku ba ko ɗaya. Ya daɗe a kan labarin gyaɗar.

Ya ajiye ya ce, "Wannan ba laifi." Sannan ya dube ni. "Malam, ka ce ta Ingila ba ta da mai ita, Alhaji ya ce tana da shi. To taku wa zai zama mai ita?"

Na ce a sanyaye, "Babu kowa, Allah ya gafarta Malam."

Ya ce, "A'a. Abin da ba a duba ba mun ga ƙarshensa yau. Malama ce za ta riƙe yaran. Duk abin da suka rubuta, ranar Lahadi a kawo mini Toranke in gani kafin a manna. Kai kuma tunda kana da babur, kai za ka riƙa kawowa."

Aka yi fatiha aka tashi. Yara suka yi ta murna a fili, suka kewaye Malama Binta, ba wanda ya ko kalli inda nake. Na je na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, ta ƙara da cewa ita dama nahawu ta sani. Na cancanci wannan.

Da yamma na kira Nafi'u, tun kafin in gama sallama ya fashe da dariya, labari ya riga ni isa gidan kawu. Na ce, "Nafi'u, ka san abin da ke ciki?" Ya ce, "Ɗan mace, cewa na yi ita aka fi saye. Na ce maka ka kai wa liman?"

Jaridar bango ta rayu, har yanzu ana yin ta. Ni ne dai ɗan aikenta, duk Lahadi ina kan hanyar Toranke da kwalaye a ɗaure a bayan babur. Wata rana yaran suka rubuta cewa rufin aji uku yana yoyo kuma kwamitin iyaye ya yi alkawarin gyara tun bara bai cika ba. Labari ne mai kyau, gaskiya ne kuma, ni kaina na sha jiƙewa a ajin. Liman ya karanta, ya ɗauki biro ya ja layi a kai tun daga farko har ƙarshe.

Zuciyata ta taso. Na gyara murya na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai 'yancin jarida..."

Ya ɗago ya dube ni kawai. Na haɗiye sauran, na naɗe kwalayena na yi masa sallama. A hanya ina ta tunanin abin da zan gaya wa yarinyar da ta rubuta labarin, don na san za ta tambaye ni dalili, kuma dalilin ni ne. Da wani malami ne ya yi gardamar, da wataƙila an saurare shi.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake fara gaya wa kowane sabon aji. In an ba ka jarida, ka tambayi wa ke da ita, ka karanta ta har bangon baya kai kaɗai a ɗaki, sannan ka buɗe baki. Ni da na buɗe nawa kafin in buɗe jaridar, ga shi ranar da nake da gaskiya ba ni da bakin faɗinta.